Sankarar Mama: Ganuwar Da Ke Hana Magani Isa Ga Ciwo

Bismillahir Rahmanir Rahim.


 Darasinmu na yau yana da ɗan tsawo, don haka a samu wuri a zauna a karanta shi a natse, musamman magidanta da iyayenmu mata. Magana ce a kan sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon dajin nono, da wata tambaya da ke yawan fitowa daga bakin masu jinya: me ya sa mata biyu za su karɓi kemo iri ɗaya, ƙarin ɗaya ya narke, na ɗayar kuma ya tsaya ƙyam kamar dutse?

Dalilan suna da yawa. Akwai bambancin irin sankarar, akwai matakin da aka kai mara lafiya asibiti, akwai ƙarfin jikinta. Amma akwai wani dalili da masana suka daɗe suna bincike a kai: wani lokacin maganin yana da ƙarfinsa, isa wurin ciwon ne bai yi ba, saboda ƙarin ya kewaye kansa da nama mai tauri kamar ganuwa. Likitoci suna kiran wannan tauri faibirosis. A lura, daban yake da faibiroid, wato ƙarin mahaifa da mata suka sani. Sunan ne kawai ya yi kama.

*SHARAƊIN DA MALAMAI SUKA AMBATA*

Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tabbatar mana kowace cuta tana da maganinta, sannan ya rataya samun waraka a kan abu biyu: maganin ya dace da cutar, kuma Allah Ya yi izini. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya tsaya a kan wannan sharaɗi a cikin Zadul Ma'ad. Ya bayyana cewa ana iya rasa waraka idan adadin maganin ya gaza ko ya wuce kima, ko lokacin bai dace ba, ko jiki bai karɓe shi ba, ko kuma akwai wani abin da ya shiga tsakani ya hana shi aiki.

To wannan na ƙarshen shi ne batunmu na yau.

Likitocin Musulmi na farko sun san ƙari mai tauri. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan tiyata na Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin sankara a littafinsa At-Tasrif. Ra'ayinsa shi ne, idan tana ƙarama kuma a wurin da za a iya cire ta gaba ɗaya, kamar nono ko cinya, a cire ta. Idan ta tsufa ta yi girma kuwa, ya ce shi bai taɓa warkar da irinta ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Shekara dubu ke nan da wannan magana. Magunguna sun ci gaba ƙwarai, har wadda ta yi nisa ma ana iya sassauta ta a tsawaita rayuwa da izinin Allah, amma darasin gaggawa yana nan bai canza ba.

*MENE NE WANNAN TAURI?*

Duba tabon da ke jikinka, na yanka ko na ƙuna. Za ka ji ya fi sauran fata tauri. Idan jiki ya ji rauni, wasu ƙwayoyin halitta da ake kira faiburobilas suna ruguwa wurin, su saƙa zaruruwa su ɗinke ɓarakar. Su ne magina na jiki. Babban kayan aikinsu shi ne kolajin, wato abin nan da ke sa ganda da ƙafar saniya danƙo da wuyar tauna. Idan rauni ya warke, maginan sai su ajiye kayan aiki. Wannan rahama ce daga Allah, ba don ita ba da ko ƙaramin yanka ba zai rufe ba.

Sankara tana yaudarar waɗannan magina. Tana fitar da sinadarai masu kama da kukan rauni, daga cikinsu akwai wanda ake kira TGF-beta, sai maginan su zo su fara aiki, kuma ba mai ce musu su tsaya. A 1986 wani masani a Jami'ar Habad ta Amurka, Harold Dvorak, ya kwatanta ƙarin sankara da raunin da ya ƙi warkewa. Kullum ana ɗinki, ɗinkin bai ƙarewa.

Bayan kolajin, maginan suna zuba wani abu mai yauƙi kamar kuɓewa, sunansa hayaluronan, wanda ke tsotse ruwa ya kumbura. Akwai kuma wani sinadari da ke ɗaure zaren kolajin da juna, kamar yadda ake ɗaure katanga da rodi. Shi ya sa ƙullutun sankarar mama yakan yi tauri a hannu, gefensa ba santsi, ba ya gudu idan an taɓa shi. Shi ya sa kuma wani lokaci fatar wurin takan lotsa, ko kan nono ya shige ciki: zaruruwan ne ke ja daga ƙarƙashi. A wasu ƙari, wannan nama mai tauri ya fi ƙwayoyin sankarar kansu yawa.

*ƁARNA HUƊU DA GANUWAR KE YI*

*1. Tana matse hanyoyin jini.* Kemo ta jini yake tafiya. An ɗaura ƙarin ruwa a hannu, zuciya ta harba shi ko'ina. Ka tuna lokacin da ake ban ruwa da tiyo wani ya taka shi: famfo yana aiki, ruwa na nan, amma shuka ba ta samu. Haka ƙananan jijiyoyin jini ke lanƙwashewa a cikin ƙari saboda matsi. Maganin ya zaga jiki, gashi ya zube, amai ya zo, amma abin da ya shiga tsakiyar ƙarin kaɗan ne.

*2. Tana hana magani ratsawa.* Ko wanda ya samu ya fito daga jijiya, sai ya keta saƙar kolajin kafin ya kai ga ƙwayar cutar. Magunguna masu manyan ƙwayoyi sun fi shan wahala a nan, kamar mai kaya a ka da zai bi ta lungu mai ƙunci.

*3. Tana rage iskar oksijin.* Inda jini bai kai ba, iska ba ta kaiwa. Ƙwayoyin sankarar da suka saba da ƙarancin iska sun fi taurin kai, kuma gashi, wato maganin da ake yi da haske mai ƙarfi, ya fi cin ƙwayoyin da ke da wadatar iska.

*4. Tana tare sojojin jiki, tana buɗe wa cuta hanya.* Ƙwayoyin garkuwar jiki da ya kamata su shiga su yaƙi sankara sukan tsaya cirko-cirko a bakin ganuwar. Sannan masu bincike a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka sun gano cewa idan zaren kolajin ya miƙe ya fuskanci waje, ƙwayoyin sankara suna bin sa kamar titi su fita zuwa sauran jiki. A 2011 suka nuna cewa matan da aka ga wannan tsari a namansu sun fi shiga haɗari.

Ga wani abu kuma: taurin kansa yana zuga ƙwayoyin sankara. Suna jin abin da suke zaune a kai, idan ya yi tauri sai su ƙara hayayyafa da son yaɗuwa. Su sa nama ya yi tauri, taurin ya ƙara musu ƙarfi, haka abin ke juyawa.

*YUNƘURIN SASSAUTA GANUWAR*

Masana sai suka ce: tunda haka ne, me zai hana a sassauta naman tukuna, sannan kemo ya samu hanya? Kuma maimakon a ƙirƙiro sabon magani daga tushe, abin da kan ci shekaru da dukiya mai yawa, da yawansu sun koma kan magungunan da aka riga aka sani a wasu cututtuka.

*Maganin hawan jini.* A babban asibitin Masachusets da ke birnin Boston, akwai ɗakin bincike ƙarƙashin Farfesa Rakesh Jain, injiniya haifaffen Indiya da ya shafe shekaru yana nazarin yadda magani ke shiga ƙari. A 2011 suka wallafa cewa losartan, sanannen maganin hawan jini, ya rage kolajin a ƙarin ɓeraye, maganin sankara ya fi bazuwa a ciki. A 2013 suka ƙara nuna cewa a ɓeraye masu sankarar mama da ta fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, losartan ya rage kolajin da hayaluronan, matsi ya sauka, jijiyoyin da suka lanƙwashe suka buɗe, iska da kemo suka fi shiga. Losartan shi kaɗai bai kashe sankarar ba. Hanya ya buɗe.

Daga nan aka gwada a mutane, amma a sankarar fankiriyas aka fara, domin ita ce ta fi kowace tauri. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna cewa cikin majinyata 49 da aka ba losartan tare da kemo da gashi, an iya cire ƙarin tas a tiyata ga mutum 30, alhali da farko ƙarin nasu ya yi nisan da ba a iya cirewa. Abin ƙarfafa gwiwa ne. Sai dai a wannan gwaji ba a ware wani rukuni da ba a ba losartan ba don a kwatanta, saboda haka bai isa hujjar yanke hukunci ba.

*Buɗe wa sojojin jiki ƙofa.* A 2019 ɗin dai, wannan ɗakin bincike ya duba naman mata da sankarar mamansu ta yaɗu zuwa hanta da huhu, suka tarar can ma ta gina ganuwa, kuma sojojin jiki ba sa shiga. Suka gwada plerixafor, maganin da ake amfani da shi wajen shirya dashen ɓargo, a kan ɓeraye. Taurin ya ragu, sojojin suka shiga, magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki suka fi aiki.

*Toshe saƙon da ke kiran magina.* A Cibiyar Garvan da ke birnin Sidni na Ostireliya, masu bincike sun duba wata irin sankarar mama mai zafi, wadda ba ta jin maganin hana sinadarin mata, ba ta kuma jin maganin HER2. Wannan iri ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, don haka ya shafe mu kai tsaye. Sun gano saƙon da ƙwayoyin cutar ke aika wa magina, suka toshe shi da wani magani mai suna sonidegib. A 2018 aka bayyana sakamakon ƙaramin gwaji da aka yi a Sifen: cikin mata 12 da cutarsu ta yaɗu, waɗanda aka haɗa musu wannan magani da kemo, 3 sun amfana, ɗaya daga cikinsu ma ƙarin ya ɓace a hoto. Adadin ƙarami ne sosai, amma ya nuna dabarar tana iya aiki a jikin ɗan Adam.

*Maganin tabon huhu.* Akwai nintedanib, wanda ake ba masu cutar taurin huhu. A Sifen an taɓa gwada shi tare da kemo kafin tiyata a mata masu sankarar mama. A 2024, masana daga cibiyar binciken sankara ta Madrid da Jami'ar Arizona ta Amurka suka koma kan naman da aka adana na wasu daga cikin matan, bayan an bibiye su kusan shekara 10. Suka ga waɗanda ƙarinsu ke da alamun jin tauri sosai su ne suka fi amfana, cutar ta fi jinkirin dawo musu. Darasin a nan: ba kowace mace ce za ta buƙaci irin wannan magani ba, sai an samu gwajin da zai tantance wadda ya dace da ita.

*INDA AKA YI TUNTUƁE*

Kada mu ɗauki rabin labari. An yi gwaje-gwajen da suka faɗi warwas.

An ƙera wani magani mai suna PEGPH20 don ya narkar da hayaluronan. A ɓeraye ya yi abin mamaki. Da aka gwada shi a majinyata kusan 500 masu sankarar fankiriyas, sakamakon 2019 ya nuna bai ƙara musu kwana ba: matsakaicin abin da suka rayu wata 11.2, waɗanda ba a ba su ba wata 11.5. Aka dakatar da shi.

Kafin nan, a 2014, bincike biyu a Amurka sun nuna abin da ya fi wannan tayar da hankali. Da aka rage maginan sosai a sankarar fankiriyas a ɓeraye, cutar sai ta ƙara zafi, ɓerayen suka mutu da wuri. Ashe ganuwar da ke hana magani shiga, tana kuma tsare wani ɓangare na cutar daga fita. A 2018 masu bincike a Cibiyar Kuri da ke Faris suka gano cewa maginan da ke cikin sankarar mama ba iri ɗaya ba ne, sun kasa su gida 4, kuma wani rukuni daga ciki ne ya fi danne garkuwar jiki.

Shi ya sa yanzu masana ba sa maganar rushe ganuwar. Abin da ake nema shi ne a sassauta ta daidai gwargwado, a buɗe ƙofa ba tare da an zubar da katanga ba. Wannan aiki ne mai buƙatar awo, kuma har yanzu yana matakin gwaji. Babu ɗaya daga cikin magungunan nan da ya zama tsayayyen maganin sankarar mama a yau.

*GARGAƊI, DON ALLAH A KULA*

Losartan yana nan a kemis, kuma ba shi da tsada. Mun san halinmu: da an ji sunan magani sai a aika yaro ya sayo. Kada a yi haka.

Losartan yana iya lalata ƙodar jariri a ciki, har ya kashe shi, don haka haɗari ne babba ga mai juna biyu. Yana iya sauke jini ƙasa da kima, musamman ga wadda kemo ya sa ta amai da gudawa. Yana iya taɓa ƙoda, ya tara sinadarin fotasiyam a jini har bugun zuciya ya rikice. Nintedanib kuma yana kawo gudawa mai tsanani, yana iya taɓa hanta, shi ma yana cutar da ɗan tayi. Wadda take da hawan jini tare da sankara, ta gaya wa likitanta duk abin da take sha, shi zai zaɓa mata.

Sai kuma masu cewa suna da haɗin da ke narkar da ƙari. Kun dai ga yadda manyan cibiyoyi da kayan aiki suka sha wahala a kan wannan nama. Man shafawa, ko tafarnuwa da aka daka aka ɗaure, ko lalle, ko toka, ba sa ratsa fata su narkar da kolajin da ke can ciki. Abin da sukan yi shi ne su ƙona fatar ta zama gyambo. Tsaga da sakiya a kan ƙullutu rauni ne a kan rauni, suna jawo ƙwayoyin cuta da ruɓa, su ɓata wurin da likita zai yi aiki. Ƙaho sunna ne kuma yana da wurarensa, amma kan ƙarin nono ba ya cikinsu.

Habbatus sauda da zuma da man zaitun suna da falalarsu, ba ma jayayya da abin da ya inganta a kansu. An yi bincike a kan wani sinadari da ke cikin habbatus sauda a ɗakin gwaji da kan dabbobi, amma babu gwajin da ya nuna shan ta yana warkar da sankarar mama a jikin mace. A ci su a matsayin abinci daidai kima, a sanar da likita, domin wasu ganyayyaki suna karo da kemo a hanta. Wanda ya ce ki bar asibiti ki dawo wajensa, ki tambaye shi: idan abin ya fashe, shi zai ɗauki nauyi?

Ruƙya da addu'a da sadaka kuwa, a dage da su dare da rana. Ba sa karo da kowane magani.

*ZANCEN "DAJI BA YA SON ƘARFE"*

Wannan magana ta kashe mata da yawa. Ana cewa da zarar allura ko wuƙa ta taɓa ciwon daji sai ya haukace. Abin da ke faruwa shi ne, yawancin matanmu ana kai su asibiti ne bayan cutar ta riga ta yaɗu. Idan aka yi aiki, rai ya yi halinsa bayan 'yan watanni, sai a ɗora wa ƙarfe laifin da jinkiri ya yi.

Ɗaukar ɗan nama da allura a gwada shi ne kaɗai hanyar sanin ko sankara ce, da kuma wace iri ce. Wata tana jin ƙwayar tamoxifen da ake sha shekara 5 ko fiye, wata tana jin allurar trastuzumab, wata sai kemo. Idan ba a gwada ba, ta yaya magani zai dace da cuta?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da sankarar mama a duniya, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki, sama da kashi 90 cikin 100 suna raye shekara 5 bayan gano cutar. A Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin masu cutar kusan 32,000 a wannan shekarar, waɗanda suka rasu kuma kusan rabin wannan adadi. Ajali na hannun Allah, amma cikin sabubban wannan tazara akwai zuwa da wuri da kammala magani.

*ABIN DA KE HANNUNMU YAU*

Maganin sassauta ganuwa yana hannun masu bincike. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu ba ƙarin lokaci. Yana girma, matsin da ke cikinsa yana ƙaruwa, damar yaɗuwarsa tana ƙaruwa. Ƙaramin ƙari wuƙar likita tana ɗauke shi da ganuwarsa gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yar uwa, ki san nononki. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan kin yi wankan tsarki, ki duba a madubi, ki shafa da tafin yatsu har zuwa hammata. Ki garzaya asibiti idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

• ƙullutu a nono ko hammata, ko da ba ya ciwo
• fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo
• kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba
• jini ko wani ruwa yana fita ba tare da shayarwa ba
• nono ɗaya ya canza girma ko siffa, ko ya yi ja da kumburi
• gyambo ko ƙaiƙayi a kan nono da ya ƙi warkewa

Rashin ciwo ba alamar lafiya ba ce. Sankarar mama a farkonta yawanci ba ta ciwo, shi ya sa ake raina ta. A ɗaya ɓangaren kuma, kada tsoro ya hana ki zuwa: mafi yawan ƙullutun nono ba sankara ba ne, musamman a 'yan mata. Gwaji ne zai raba gardama. Mai shayarwa da aka ce mata ciwon nono ne, ta sha magani mako ɗaya ko biyu bai sauka ba, ta koma a sake dubawa. Maza ma suna kamuwa, ko da yake kaɗan ne, kusan 1 cikin 100 na masu cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa kammala gwaje-gwaje, kada ya wuce kwana 60. Idan ƙaramin asibiti ba shi da kayan aiki, a nemi takardar tura wa babba, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Idan an fara kemo, a kammala. Da yawa sukan tsaya bayan zagaye 2 ko 3, wasu don ƙarin ya ragu sun ɗauka an gama, wasu don wahala, wasu don kuɗi. Ku tuna bayanin da ya gabata: maganin ba ya shiga ko'ina a lokaci ɗaya. Ƙwayoyin da suka ɓuya a inda jini bai kai sosai ba su ne ke tsira, su ne kuma ke dawowa da ƙarfi. Idan wahalar ta yi yawa a faɗa wa likita, akwai maganin amai, akwai gyaran da zai iya yi. Mai karɓar kemo tana cikin marasa lafiyar da shari'a ta yi wa rangwamen azumi, ta tambayi likita da malami.

Wajen rigakafi kuma, a kula da ƙiba. Bincike a Jami'ar Konel ta Amurka a 2015 ya nuna kitsen nonon masu ƙiba ya fi tara waɗancan magina da nama mai tauri, kuma an daɗe da sanin ƙiba bayan ɗaukewar al'ada tana ƙara haɗarin cutar. A rage zaƙi da maiƙo, a riƙa motsa jiki ko da tafiya ce a tsakar gida. Shayarwa ma kariya ce: wani babban nazari na 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100. Shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata alheri ne ga ɗa da uwa.

*GARE KU MAGIDANTA*

Malam, sau da yawa jinkirin daga wajenka yake farawa. Ta ji ƙullutu tun watanni, tana jin nauyin faɗa maka, ko tana tsoron kada a cire nonon ka juya mata baya. Kai ne za ka sauƙaƙa mata. Ka tambaye ta, ka ba ta izini, ka ba ta kuɗin mota, in da hali ka raka ta. A nemi likita mace idan akwai. Idan babu, malamai sun halatta likita namiji ya duba gwargwadon lalura, tare da muharrami ko ma'aikaciyar jinya a wurin. Kunyar da za ta kai matarka kabari ba ita ce kunyar da addini ya yaba ba.

Idan likitoci suka ce sai an cire, ka tsaya mata. Matarka ce jiya, matarka ce yau. Dangi su ma su sa hannu, domin jinyar tana cin kuɗi, kuma ba ta jira a sayar da amfanin gona.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, na gida da na asibiti. Ya sa wahalar da suke sha ta zama kaffara. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ya yi wa masu neman magani jagora zuwa ga abin da zai amfani bayinSa. Amin.

A tura wa uwa, da mata, da 'ya, da maƙwabciya. Wataƙila akwai wadda take ɓoye ƙullutu yanzu haka tana jiran wanda zai ce mata ta je.

Wassalamu alaikum warahmatullah.